Ta'aziyyar da Na Kai wa Maƙaryaciya a Landan

Tunda na dawo daga Landan mutane suka hana ni sakat. In na je islamiyya a tambaye ni, in na je gidan biki a tambaye ni, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya ce, "Hajiya, wai da gaske ne can rana ba ta fitowa?" Ni kuwa sai in ba kowa labarin sanyi da alayyafonsu marar ɗanɗano, a yi dariya a watse. Amma akwai labarin da na yi ta haɗiyewa ya ƙi wucewa. Ƙawata Malama Asabe ce ta gano ni, ta ce, "Ke Bilki, ba duka kika zazzage mana ba, da saura a cikinki." To ga shi nan na zazzage, kowa ya karanta ya huta, ni ma in huta.

Don wanda bai san ni ba, na yi shekaru ina koyar da Hausa a makarantar 'yammata, da na yi ritaya kuma na koma karanta littattafan hikaya a wani gidan rediyo a nan Kano. Marubuta kan kawo mini rubutunsu in duba kafin a buga. Ina da baki, ban musa ba. In labari bai yi ba nakan ce bai yi ba, ko da marubuciyar za ta daina gaishe ni.

Jego ne ya kai ni. Rukayya, 'yar ƙanina, ma'aikaciyar jinya ce a can, ta haifi ɗanta na fari, mahaifiyarta kuma ciwon gwiwa ya hana ta motsi. Aka ce Gwaggo ce za ta je ta yi mata wanka. Kafin in tashi Rukayya ta ja mini kunne a waya, ta ce, "Gwaggo, in sun tambaye ki a filin jirgi ki ce ziyara kika zo. Don Allah kada ki fara ba su labarin wankan jego." Na ce, "Ke yarinya, gaskiyar ce za ta hana ni shiga gari?"

Ai kuwa na gani. Na isa gaban wani saurayin jami'i mai duba fasfo, ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na gyara murya, na ɗauko Turancina na kwalejin horon malamai, na shiga yi masa bayani cewa na zo ne in riƙa yi wa 'yata wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har ta yi arba'in. Yaron nan ya ajiye abin buga hatimi ya zuba mini ido. Ya ce ba ta da lafiya ne? Na ce ƙalau take. Ya ce likita ne ya rubuta? Na ce wane likita, kakanninmu suka rubuta. Ya ce biyana za ta yi? Nan na ga fuskarsa ta fara sauyawa, na tuna da jan kunnen Rukayya, na ce, "Kai ɗana, bar zancen nan, ziyara na zo." Nan take ya buga hatimi ya yi mini fatan alheri.

A wurin binciken kaya kuma wani kare ya zo ya zauna daram a gaban jakata ya ƙi tashi. Daddawa ya shinshino, bawan Allah. Jami'an wurin suka kwance ƙullin kanwa suna juya ta da safar hannu kamar sun kama babbar dilar ƙwaya, sai da na gutsuri kaɗan na sa a baki a gabansu. Kanwa ta tsira, daddawa ta tsira, ganyen darbejiya ya sha tambaya ya tsira. Kilishin da na sayo wa mai jego kuwa ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara. Har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Abdulhadi, mijin Rukayya, shi ya tare ni. Ya ce, "Gwaggo, motar tana gareji, tube za mu hau," wato jirgin ƙasan nan nasu da ke bi ta ƙarƙashin gari. Da na shiga na ga mutane cike sai na yi sallama da ƙarfi yadda aka saba. Ko tari babu wanda ya yi. Kowa ya kafa kai a waya kamar gidan makoki, Abdulhadi kuma yana ta sunkuyar da kai don kunya. Sai da muka sauya jirgi a Stratford wani dattijo ɗan zangon Gana ya ji muna Hausa, ya washe baki ya ce da irin Hausarsu ta can, "Hajiya, ka zo lafiya?" Wallahi ji na yi kamar in rungume shi.

Gidansu yana Dagenham, cikin wasu gidaje jere masu kama da juna, da na fita sayen burodi sau ɗaya sai da na ƙwanƙwasa ƙofar mutane. Ɗakunan kamar akurki, banɗaki ɗaya, babu tsakar gida balle murhu. A baho na riƙa yi wa Rukayya wanka, ina tafasa ruwa a butar lantarki ina juyewa, ita tana ihu tana cewa, "Gwaggo za ki dafa ni!" ni ina cewa uwarki ma haka aka dafa ta. Ganyen darbejiya ya toshe magudana har aka kira mai gyara. Ranar da na kunna turaren wuta kuwa wata na'ura a rufin ɗaki ta ɓarke da ƙara, tsohuwar Baturiyar maƙwabciyarsu ta rugo da tsumma a hannu za ta kashe gobara. Na ba ta haƙuri da kofin kunun kanwa. Ta sha ta ce ya yi daɗi, amma na lura ba ta ƙara shigowa ba.

A wurin 'yan barka zancen littafin ya taso. Matan Arewa na can suna da ƙungiya, shugabarsu Hajiya Mariya, matar wani likita, mace mai kwarjini da tsadar leshi. Ta zauna, ta ɗauki jariri ta yi masa addu'a, sannan ta juyo ta ce, "Malama, Allah ne ya kawo ki. Akwai wata 'yar Arewa a garin nan da ta rubuta littafi da Turanci za ta tozarta mu."

Labarin shi ne, wata mata mai suna Sa'ade ta rubuta tarihin rayuwarta, wani ƙaramin kamfani zai buga, har an fara fitar da ɓangarensa a jarida. A ciki ta ce ƙanwarta Hindatu, bazawara ce mai sana'ar ɗinki, ta yi ciki ba aure. Wai dattawan garinsu suka taru a gindin bishiya suka yanke mata hukuncin kisa don a wanke sunan dangi, aka kashe ta gari yana kallo, ita Sa'ade ta shiga tsakani aka sare ta, ta tsira da ƙyar. Turawa suna da suna na musamman ga irin wannan, kisan kare mutuncin dangi. Matan ƙungiya suka yi ca a kan kamfanin da ƙorafi, kamfanin ya tsorata, ya ce a kawo wanda ya san ƙasar ya kuma san littafi, ya karanta, ya gana da marubuciyar. In ya ce labarin gaskiya ne a buga, in ya ce ƙarya ne a fasa.

"Ke kika san littafi," in ji Hajiya Mariya. "Yaranmu ne ke shan kunya a makaranta, ana tambayarsu ko babansu zai yanka su. In kika yi magana za a yi cancel ɗin abin nan, a fasa shi gaba ɗaya."

Aka kawo mini rubutun. Ina karantawa ina salati. An saka gawar Hindatu a akwati. An ajiye ta kwana da kwanaki ana jiran dangi. Mata sun bi ta har maƙabarta, ita Sa'ade ta durƙusa a bakin kabari ta watsa ƙasa da hannunta. Ga liman da takobi, ga raƙuma suna kai da kawo a garin da ta ce yana kusa da Zariya. Tabɗi! Na ce wadda ta rubuta wannan ko jana'izar kaza ba ta taɓa gani a ƙasar Hausa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Muna da laifuffukanmu, ba na ɓoye su, na karanta su da bakina a rediyo. Amma a wane gari aka taɓa zaman dattawa a yanke wa mace kisa gari yana kallo? Na ce wa Rukayya a shirya mini tafiya, ramin ƙarya ƙurarre ne, zan je in ga ƙarshensa.

Sa'ade tana zaune a Old Kent Road. Na ce ni kaɗai zan je, ba na son rakiya. Abdulhadi ya rubuta mini lambar bas, na hau daidai lambar amma a tsallaken da ba shi ba, na yi ta tafiya har direba ya kashe mota ya ce nan ne ƙarshe. Da na samo hanya na sauka sai na ga kamar Sabon Gari aka ɗauko aka dasa: ga shagunan garin kwaki da busasshen kifi, ga masu kitso, ga coci a cikin sito ana ta kiɗa da rana tsaka, bas na bin bas kamar tururuwa. Ɗakinta yana saman wani shagon sayar da doya, ana hawa ta wani siririn matakala mai warin manja.

Ina hawa ina jera tambayoyina a kai. Wa ya yi mata sutura? A wace maƙabarta mata ke shiga? Na shirya tsaf, yadda nakan shirya wa ɗaliba mai satar amsa.

Ta buɗe ƙofa. Mace ce siririya, ta doshi arba'in, da rigar aikin kula da tsofaffi a jikinta, da alama dawowarta ke nan. Ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Mama." Ta shimfiɗa mini darduma duk da ga kujera, na zauna, muka shiga gaisuwa. Ya aiki, ya sanyi, ya mutanen gida. To kun san bakin Bahaushe. Ka shiga gidan da aka ce an yi rashi, ko shekara nawa ne, in ba ka taɓa yi musu gaisuwa ba, harshenka ba ya jiran shawararka. Ban yi niyya ba, wallahi ban ma yarda an yi mutuwar ba, kawai sai na ji na ce, "Ya haƙurinmu kuma? Ashe Hindatu lokaci ya yi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba ku dangana."

Matar nan ta dube ni kamar na mare ta. Sai ta zame daga durƙuson ta zauna a ƙasa, ta tura bakin mayafinta a baki, kuka ya ƙwace mata. Ba kukan ihu ba ne, irin wanda ba ya fita ne, mai sa mutum ya riƙa neman numfashi. Na rasa yadda zan yi da tambayoyina. Na tashi na ɗebo mata ruwa a famfon ɗakinta kamar ni ce mai gidan.

Da ta samu kanta ta ce, "Mama, ki yafe ni. Babu wanda ya taɓa yi mini gaisuwarta. Ke ce ta farko."

Na ce, "Kamar yaya? A gida fa?"

"A gida ba a yi zaman makoki ba. An ce zazzaɓi ne, aka kai ta kafin azahar, aka rufe ƙofa. Maƙwabta sun san akwai magana, kowa ya kama kansa. A nan kuwa tambaya ake yi mini. Wace rana, wane wuri, wa ya gani. Sun ce sori, ban ce ba su ce ba. Amma babu wanda ya ce Allah ya jiƙanta."

Na bar ta ta huce, amma ban sauka daga kan bakana ba, don hawaye ba shaida ba ne, na ga masu kukan da ko kunkuru za su sa ya tausaya. Na ce, "Sa'ade, ni uwa ce a gare ki, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Littafinki cike yake da ƙarya. Ba ki je kabari ba. Ba a yi akwati ba. Kuma babu dattawan da suka zauna a gindin wata bishiya."

Ta ce, "Babu."

Haka kawai, ko gardama. Ta ja hannun rigarta ta nuna mini wani tabo tun daga gwiwar hannu har kusa da wuyan hannu, ta ce, "Wannan ne gaskiya, da Hindatu. Yayanmu ne ya yi. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Ranar da ya ji zancen cikin ya shigo da itacen girki, ya rufe ƙofar zaure. Ban ce ya yi niyyar kisa ba, Allah ne ya san zuciyarsa. Yana duka yana cewa ta zubar masa da mutunci a gari, da wane ido zai shiga masallaci. Na faɗa kanta, ya hankaɗe ni na faɗa kan kwanon rufi. Kafin la'asar ta fara zubar da jini, kafin wayewar gari ta cika."

Na yi salati. Na ce, "To me ya kai ki ɗora wa gari guda jinin da mutum ɗaya ya zubar? Kin san abin da kika jawo wa yaran mutane a nan?"

Ta ce, "Inna tana gidansa, Mama. Shi ke ciyar da ita, shi ke kai ta asibiti, yanzu ma shi ke ɗaga ta ya kwantar. Ita ta wanke tsakar gidan da hannunta. Ranar da zan bar gari ta riƙe ni ta ce, na rasa ɗaya, kada ki sa in rasa biyu."

Daga nan ta ba ni labarin yadda littafin ya samu. Wata ƙungiyar taimakon mata ce ta haɗa ta da wani marubuci Bature, ita tana faɗa shi yana rubutawa. Da suka zo wurin ya ce wa ya kashe ta, bakinta ya kasa kiran yayanta, ta ce mutanen gari ne. Shi ke nan. Ya ce su wa, ta ce dattawa. Ya ce a ina suka zauna, ta ce a gindin bishiya. Kowace tambaya sai ta haifi wata ƙaryar. Akwati da kabari da raƙuma kuwa nasa ne, ya ce masu karatu suna son su ga ta yi bankwana da ƙanwarta, ita kuma ta ce to, don ta ga ta riga ta jiƙe. "Ni ko inda kabarinta yake ban sani ba," in ji ta.

Na ce, "To tun farko wa ya aike ki? Da kin yi shiru abinki."

Ta ce, "A gidanmu ba a kiran sunanta. An cire hotonta, an sayar da keken ɗinkinta. So nake a ce an taɓa yin wata Hindatu, tana ɗinki, tana son gyaɗa marau-marau, tana da dariya. Ko a bakin Turawa ne."

Ta tashi ta ɗumama mini tuwon semo da miyar kuka, ta ce ba zan fita gidanta da yunwa ba. Na ci, don ba a ƙin abincin gidan gaisuwa. Za ku tambaye ni ko na yarda da ita, alhali ta riga ta yi ƙarya sau ɗaya. Ba ni da shaida. Tabo ana samunsa ta hanya dubu. Amma na daɗe ina karanta ƙaryar marubuta, na san ƙarya takan yi wa mai ita aiki, wannan labarin na biyu kuwa babu abin da zai tsinana mata sai asara. Na yarda da ita, Allah shi ne masani. Kuma ku sani, Sa'ade da Hindatu duk sunayen aro ne, garin ma na kauda shi daga inda yake. Da sharaɗin haka ta yarda in ba da labarin in na dawo gida. Ga ni nan dai, ni mai kama maƙaryata, na sauya suna na sauya gari don in rufa wa mutumin da ban taɓa gani ba asiri.

Ranar ganawa da kamfanin muka haɗu a ofishinsu, wani ɗan ɗaki cike da littattafai har rufi. Editar, wata Baturiya mai suna Helin, mace mai natsuwa, ta ba mu shayi tsararo da biskit ɗai-ɗai, na ce a raina nan baƙo ba ya ƙoshi. Ba ta ɓoye damuwarta ba. Ta ce an taɓa buga irin waɗannan littattafai na matan wasu ƙasashe, duniya ta yi kuka, daga baya aka gano wasu ƙagaggu ne. Ta ce ba kunyar kamfani ce ta fi damunta ba. Duk lokacin da aka kama ɗaya, sai a daina yarda da matan da abin ya same su da gaske, su zo da rauni a jiki a ce su ma littafi suke son sayarwa. Maganarta gaskiya ce, na gyaɗa kai.

Ta ce in faɗi abin da na gani. Na faɗa, ban rage ba. Na ce ba ma binne mutum a akwati, ba ma ajiye gawa, mata ba sa zuwa maƙabarta, kuma a iya sanina babu garin Hausa da dattawa ke zaman yanke wa mace kisa. Na ce a buga wannan a ce al'adarmu ce zalunci ne. Ina faɗa ina jin Sa'ade a gefena ko motsi ba ta yi.

Helin ta juya gare ta da murya mai taushi. Ta ce in akwai gaskiya a ƙarƙashin labarin a shirye take a sake rubutawa daga farko, a zubar da duk ƙarin. Ko ba a buga sunan kowa ba, sai dai lauyoyinsu su san wanda ya aikata, kuma a aika mutum garinsu ya bincika a tabbatar. Na dubi Sa'ade ina roƙon Allah ta buɗe baki, don ga ƙofa an buɗe mata, ga Hindatu za ta shiga littafi da gaskiyarta. Amma na san abin da aike zuwa garin yake nufi, baƙo da tambaya a ƙofar gidan da tsohuwa ke kwance. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sa'ade ta ajiye kofinta ta ce da Turanci, a hankali, "Babu abin da za a gyara. Ni na ƙirƙira duka."

Helin ta dube ni ta ce, "Ƙanwar fa? Ke kin zauna da ita. An taɓa yin ƙanwar?"

Na ji yatsun Sa'ade sun kama bakin mayafina ta ƙarƙashin tebur. Ni Bilki, da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na ce, "Abin da aka kira ni in duba na duba." Helin ta rufe fayil ɗinta. Na san yadda ta fassara maganata, kuma na bar ta a haka. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba.

A tashar bas na ce, "Sa'ade, kin san gobe duk garin nan za a ce ke maƙaryaciya ce?" Ta ce, "Gara a ce haka, Mama, da a ce Inna ta haifi mai kisa." Bas ɗinta ya zo, ta rusuna ta yi mini sallama ta hau, tana da aikin yamma.

Labari ya bazu kafin in isa Dagenham. Wayar Rukayya ta yi ta ƙara, ana ta sa mini albarka. Da tafiyata ta matso, bayan mai jego ta yi arba'in ta yi ɓul-ɓul abinta, Hajiya Mariya ta haɗa mini walima a gidanta. Mata sun cika falo, ga waina, ga dambun nama, ga zoɓo, yara suna ratsawa ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Aka zaunar da ni a babbar kujera. Hajiya Mariya ta ce na fitar da Arewa kunya. Wata daga gefe ta ce, "Ni tun farko na sani. Ashe ma babu wata ƙanwa, ko haihuwarta ba a yi ba." Aka kwashe da dariya. Na ajiye wainar da ke hannuna. Matan nan ba miyagu ba ne, 'ya'yansu suke karewa, kuma littafin da suka ƙi ƙarya ne da gaske. Amma na kasa dariyar.

Da aka zo rufe taro da addu'a aka ce baƙuwa ta yi. Na ce, "Kafin nan ina da roƙo. Akwai wata 'yar'uwa da ta rasu a gida, ba a samu an yi mata zaman gaisuwa ba. Ku taya ni da Fatiha da Ƙulhuwallahu." Nan da nan falo ya yi tsit, kowa ta gyara mayafi, aka tsawata wa yara. Hajiya Mariya ta ce, "Allahu akbar. Ya sunanta, Malama?" Na faɗi sunanta na gaskiya da Sa'ade ta gaya mini, wanda ko a littafin ba shi aka sa ba. Mata cike da falo suka ɗaga hannu, suka karanta, suka roƙa mata gafara da sunanta, suka shafa. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa suna ce mini ya haƙuri, ina amsawa a madadin mai shi.

Iyakar abin da na je na gani ke nan, sauran duk sanyi ne da hawa bas. Ranar da zan taso, ina zaune a filin jirgi ina jiran a kira mu, na buga wa Sa'ade waya. Tana wurin aiki, ina jin muryar wata tsohuwa tana kiranta daga ciki. Na gaya mata an taru an yi wa ƙanwarta addu'a, mata da yawa, an kira sunanta da baki. Ban gaya mata su wa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ce, "Mun gode, Mama. Allah ya ba da lada."